Littafin Kanta

Ƙarfe takwas na karɓi aiki.
Kofur Lurwanu ya miƙo mini biro,
ya ce, "Da kuɗin aljihuna na saye shi,
in ya ƙare a hannunka, kai za ka sayo."
Na ja kujera, na buɗe littafin kanta.

Ga allo can a bangon caji ofis:
Dipi'o a sama, sunansa da jan fenti,
ƙasa da shi mai binciken laifi,
sai na sintiri, sai mai kula da titi,
sai Sufeto Barira ta mata da yara.
Nawa sunan yana can gindi,
inda yoyon damina ya ɓata.

Tara da rabi: mutum biyu, akuya ɗaya,
kowa ya rantse a gabansa aka haife ta.
Saja Mati ya ce a kwance igiyar.
Suka bi ta a baya har Rafindadi,
ta shige gidan wani na uku ta kwanta.

Oba-oba na tari a kan tebur:
an yi karo a Ƙofar Ƙaura,
keke ya kife da fasinja uku.
Motarmu na tsaye, tanki ba ko ɗigo.
Direba Isiyaku ya zagaya da hularsa,
wannan ɗari biyar, wancan dubu,
aka tura, ta yi gardama, ta yi atishawa,
sannan ta yarda ta fita.

Sha ɗaya: Tasalla, mayafi a karkace,
an kamo ɗanta da wayar da ba tasa ba.
Ta kwance bakin zane, ta turo ƙudundunannen kuɗi.
Na nuna mata bango: beli kyauta ne.
Ta dubi bangon, ta dube ni,
ta ce, "Yaro, bango dai na san shi,
ku ne ban gama sani ba."
Ban ji haushi ba.
Na san irin hannun da ya koya mata.
Na ce da safe ta zo da mai tsaya masa,
na tura mata kuɗinta.

Biyun dare 'yan banga suka kawo tsoho,
ba takalmi, hularsa a hannu.
Ya ce gidansa na Ƙofar Guga, gindin tsamiya.
Mati ya sunkuyo ya raɗa mini
tsamiyar ta riga shi shiga aikin nan faɗuwa.
Na duba shafin sata, na duba na faɗa,
ban ga inda ake sa wanda ya manta ba.
Barira ta cire rigar sanyinta ta lulluɓa masa,
muka aika gun mai shayi, ruwan bunu, suga kaɗan.
Na bi lambobin masu unguwa ɗaya ɗaya,
na huɗu ya ɗauka da muryar barci,
ya ce, "Baba Alu ne, tun magariba muke nema."
Da asuba jika ya shigo, silifa biyu a hannu,
ya durƙusa ya sa masa, bai ce komai ba.
Wannan ma na rubuta.

Bakwai, fareti a tsakar gida.
Dipi'o ya lashi yatsa yana juya shafi,
ya yi dariya a wurin akuya,
ya daɗe shiru a wurin Tasalla,
ya sa hannu.
Daga nan labari zai hau zuwa hedikwata,
ya koma lissafi: haɗari ɗaya, sata ɗaya.
Akuyar ba za ta hau ba,
silifan Baba Alu ma haka.

Na miƙa wa mai karɓa ta biro,
ta ja shi a tafin hannu, ya ƙi.
Lurwanu ya faɗa.
Zan tsaya kantin Ɗanlami kafin in je in huta.